Kwana Uku Babu Hayaƙi

Tsohuwar takarda tana da wari irin na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ji shi wata ranar Talata a Manchester, a sashen taswirori na wani babban ɗakin karatu, lokacin da matar da ke kula da wurin ta jawo wata faffaɗar durowa, ta ɗago takardar da na nema da hannu biyu, ta shimfiɗa mini a kan tebur. Taswirar yankinmu ce, wadda Turawan safiyo suka zana tun kafin a sami mulkin kai. Ban ma dube ta ba tukuna, warin kaɗai ya mayar da ni tsakar gidanmu, ina 'yar shekara bakwai, hannuna dumu-dumu da gumba.

Bari in faɗa maka abin da ya kai ni wurin, kada ka ɗauka sha'awar tarihi ce. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ya kira ni daga gida. An ba wani kamfani tsohon gandun shanun gwamnati da ke gefen ƙauyenmu zai yi noma, kuma a tsakiyar gandun nan kufanmu yake, wato inda garinmu na asali ya zauna kafin a tashe shi. Ko katanga ɗaya ba ta rage a wurin ba, sai rijiya da tsamiya da makabarta. Kwamitin da aka naɗa ya ce in mun kawo takarda mai nuna akwai gari a wurin kafin a yi gandun, za a kewaye makabartar a bar mana. In ba mu kawo ba, da saukar ruwan farko motocin noma za su shiga. Kakana yana kwance a can, kakata ma haka, da iyayensu. Baba kuwa yana gidan Yayana a Perry Barr, cikin Birmingham, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma buri ɗaya ya rage masa a duniya: in likitoci suka ce sun gama nasu, a mayar da shi gida ya cika a can, a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa.

"Ke da aikinki taswira," in ji Baffa, "ga shi kina zaune a ƙasar masu ita. Ai Bature ba ya yar da takarda."

Da gaskiyarsa. A council, wato ƙaramar hukuma, nake aiki, ina zana hanyoyin ruwan da ke bi ta ƙarƙashin titi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ƙaramin abu ne. Har da 'yar fariya na faɗa, Allah ya yafe mini.

A Bakin Waya aka haife ni. Sunan ƙauyen ke nan, babu wani ado, domin gidaje ne aka jera a gefen waya mai ƙaya da ta kewaye gandun. Lokacin da na yi wayo gandun ya riga ya fara mutuwa. Jajayen shanun da aka kawo daga wata ƙasa sun ƙare, injin ɗebo ruwa ya tsaya, wayar ta yi tsatsa har mata suna shanya a kanta. Da damina ciyawar ciki takan fi mu tsawo, mu riƙa jin kukan kwaɗi daga kwarin da ba ma iya gani. Da rani kuwa sai fili ya buɗe, ka hango dutse can nesa, ka hango kan tsamiya a bayansa. Mukan rarrafa ta ƙarƙashin wayar mu je tsinkar ɗinya, mu dawo da yagaggen zane da baƙin harshe, a yi mana dukan da muka riga muka sa rai da shi.

Kakana namiji, da muke kira Kaka, dogo ne siriri, tsohon maharbi, mai son dariya kamar me. Matarsa, Iya, gajeriya ce mai ƙarancin magana, tana sayar da man shanu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwata, Kaka kuma yake ce mini amarya. Kullum sai ya yi barazanar zai sake ni saboda ban iya tuwo ba, ni kuma in ce ai ni ma ba na son miji mai haƙori huɗu.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban taɓa gani a gidan kowa ba. Kowace shekara bayan girbi, in sabon gero ya shiga rumbu, Kaka yakan ware rana guda ya ce yau ba a hura wuta. Tun jajibiri Iya za ta daka gumba mai yawa, a ci da nono daga safe har yamma. Murhu yakan kwana ya wuni a sanyaye, kaji su hau kansa suna tono. Mu yara muna son ranar, don babu wanke tukunya, kuma da la'asar Kaka zai shimfiɗa buzunsa a inuwar rumbu, ya ɗauko wani tsohon kofin ƙarfe da ya lotse a gefe, ya ba mu labarin yadda ya ɓoye gari guda.

Lokacin yana saurayi ne, da mata da ɗa a goye, ɗan nan kuwa shi ne Baba. Saƙo ya zo daga garin hakimi cewa Bature mai safiyo yana tafe da mutanensa, suna auna daji suna sa shi a takarda, ana neman wanda ya san ƙasar ya yi musu jagora. Aka nuna Kaka, domin babu kwazazzabon da farauta ba ta kai shi ba. Dattawa suka taru a gindin tsamiya. Sun ga abin da ya sami maƙwabta: duk garin da ya shiga takardar Bature, sai an zo an ƙirga shanunsa, an kwashi samarinsa aikin hanya, wasu ba sa dawowa. Garinmu kuwa a cikin kwari yake, bayan dutse, itatuwa sun lulluɓe shi. In ka hau dutsen babu abin da za ka gani sai kan itace, sai fa hayaƙi. A kan dutsen nan kuma Bature zai kafa na'urarsa mai ƙafa uku.

Sai aka shirya. Aka kora shanu da jakuna zuwa wata fadama mai nisa. Aka kife zakaru da kwanduna a ƙuryar ɗaki. Mata suka daka gumbar kwana uku tun kafin baƙin su iso, don ko ƙarar turmi ba a so a ji. Liman ya riƙa kiran salla kamar mai raɗa. Kaka ya bi da ayarin ta cikin busasshen rafi, ya zagaya da su ta bayan dutse, ya hau da su sama. Kwana uku Bature yana leƙe ta na'urarsa yana zane, gari yana ƙarƙashin hancinsa, ko tari ba a yi.

In Kaka ya zo nan sai ya miƙe tsaye, ya murtuke fuska, ya nuna kwarin da tsinke kamar yadda Bature ya nuna da fensir, ya maƙale murya irin ta tafinta: "Can fa, me ke can?" Sai ya durƙusa, ya koma shi kansa, ya yi kalar tausayi. Mu kuma mun riga mun haddace amsar, sai mu haɗa baki da shi: "Ranka ya daɗe, dajin ƙaya ne, babu ruwa!"

Mu yi ta birgima a ƙasa don dariya. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, ruwan da Bature ya sha a kwana ukun nan duk daga rijiyarmu Kaka yake ɗebo shi da sassafe, ya ce daga rafi mai nisa ya kawo. Saboda wannan wahalar ne ma aka ba shi kofin ƙarfen tukuici.

Iya ba ta taɓa dariya ba. Tana gefe tana kaɗa nono, kanta a sunkuye. Daga baya na ji cewa a kwana ukun nan ba ta sauke Baba daga ƙirjinta ba, da ya motsa sai ta ba shi mama don kada ya yi kuka, cikinta babu komai sai ɗanyen gero, ga sanyi, ga babu ruwan zafi. Ita abin da ta tuna ke nan.

Wata shekara, ina jin na kai tara, na tambayi Kaka a gaban kowa: to in kun ɓoye garin, yaya aka yi aka tashe ku? Ya dube ni, ya ce, "Amarya, kin cika tambaya, yau kam sai na sake ki." Ya tashi ya tafi duba igiyar akuyar da babu abin da ya same ta. Da na je taya Iya aiki, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Ranar da suka zo da waya, ubanki ya fara gemu. Takarda suka buɗe a kan mota. Ita suka duba, ba su dube mu ba." Ba ta ƙara ba, ni ma ban gane ba.

Kada ka ce mini ai da na girma ya kamata in haɗa biyun. Dukanmu mun ji labarin, da Baba da Baffa da Yaya, amma babu wanda ya taɓa yarda a ransa cewa Bature ya ruɗu da gaske. Mun ɗauka ƙarin gishiri ne irin na maharba. Mutumin da ya zo da na'urar da ke hango tsuntsu a kan dutse, a ce zakara a kwando ya yaudare shi? Mun tabbata ya ga garin, ya sa shi a takarda, ya ƙyale Kaka da wasansa. Da Kaka ya rasu wayar ta riga ta faɗi a wurare da yawa, aka bi ta ɓarakar aka kai shi kufai. Damina biyu bayansa aka kai Iya.

To ga ni tsaye a kan taswirar, bayan shekaru masu yawa, an ba ni 'yan jakunkunan yashi na danne gefunanta. Zan faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ni da nake cin abinci da wannan sana'a na san hannun gwani in na gani. Siraran layuka ruwan ƙasa, masu nuna tudu da gangare, sun zagaye dutsenmu kamar zanen yatsa. A samansa akwai 'yar alama mai kusurwa uku, inda aka kafa na'urar. Ga busasshen rafin da Kaka ya bi da su, ga burtalin shanu an yi shi da ɗige-ɗige, ga garin hakimi, ga ƙauyukan maƙwabta kowanne da 'yan baƙaƙen gidajensa da sunansa. Na bi da yatsa ta bayan dutsen na gangara cikin kwarin. Fili ne fari. An yayyafa masa 'yan alamomin ƙaya, an kuma yi wani rubutu a karkace da Turanci, kalmomi huɗu kacal. Ma'anarsu: dajin ƙaya, babu ruwa.

Na jawo kujera na zauna. Na roƙi matar ta duba ko akwai wani bugun na baya. Ta kawo biyu. A na ƙarshen an ja iyakar gandun shanu da jan layi miƙaƙƙe, wanda aka ja da rula a ofis, ya haɗiye kwarin gaba ɗaya, kalmomin nan huɗu suna nan a tsakiyarsa ba a taɓa su ba. Wanda ya zaɓi wurin bai yi mugunta ba, fili ya nema wanda babu kowa, takarda kuma ta nuna masa. Matar tana da kirki. Ta yi mini kwafi mai girma, ta naɗe shi a kwali, ta tambaye ni ko na sami abin da nake nema. Na ce mata na samu.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, kwalin a cinyata. Duk hanya ina shirya maganar da zan yi, ban sami ko ɗaya ba. Yaya ya tare ni a ƙofa, ya dubi fuskata, ya gane.

"Tun safe yake tambayarki," ya ce a hankali. "Please ki bi shi sannu, BP ɗinsa bai zauna ba wannan satin."

Baba yana zaune kusa da taga, rigar sanyi a kan jallabiyarsa, bargo a gwiwa. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da ya ga kwalin sai fuskarsa ta washe.

"Uwata, kin zo da garin?"

Na shimfiɗa takardar a kan teburin cin abinci, muka danne ta da kofuna. Ya sa tabarau. Tsohon malamin makaranta ne, ba sai an koya masa ba. Nan da nan ya sami dutsen, ya sami rafin, yana kiran sunayen ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisawa da su. Sannan yatsansa ya gangara kwarin ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

"Rubutun nan ya yi mini ƙanana. Karanta mini."

Na karanta masa da Turanci, ko da yake na san ya ji, sai ya ce in faɗa da Hausa. Na faɗa. Muryata ta fito da irin karin da muke yi muna yara, ban yi niyya ba.

Baba ya yi dariya. Dariya sosai, har kafaɗunsa suna rawa. "Ashe ya rubuta," yake cewa, "ashe da gaske tsohon nan yake. Ashe ya rubuta." Yaya ma ya fara murmushi. Ban san inda dariyar ta ƙare ba, na dai ga ya cire tabarau yana share ido da gefen bargo, hawayen kuma ba su tsaya ba. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ran nan. Ni da Yaya, ɗaya likita ɗaya injiniya, muka tsaya a kansa kamar gumaka, babu abin da iliminmu zai iya yi masa.

Da ya natsu ya ce, "Kada ki aika musu."

Na ce, "Baba, ai su ma in sun nema za su samu."

"To su nemo da kansu. In ta shiga hannun kwamiti ita ce shaidarsu, ba tamu ba. Ba da hannunmu ba dai."

A gabansa na kira Baffa. Na ce masa ban sami wadda za ta taimake mu ba. Ba ƙarya na yi ba. Ina jin kukan awaki a bayansa, Baffa ya ce, "Ki ƙara dubawa, 'yata. Hadari ya fara haɗuwa a gabas." Na ce to. Na ajiye wayar ina tunanin karo na biyu ke nan gidanmu yana ɓuya daga takarda ɗaya.

Bayan mun yi sallar la'asar Baba ya ce a ba shi fensir. Ya jawo takardar gabansa, ya fara cike farin filin. Ya yi 'yar da'ira ya ce rijiya. Ya yi wata ya ce tsamiya. Ya zana masallaci, da gidan mai gari, da gidan da aka haife shi, da hanyar da mata ke bi zuwa ɗebo ruwa. Ya bi ta kan rubutun Bature bai ko kula ba. Sannan ya koma gabas da tsamiyar ya fara ɗiga ɗigo, kowanne yana faɗin mai shi: wannan kakansa, wannan liman mai kiran salla da raɗa, wannan ƙanwarsa da ta rasu tana rarrafe, wannan Kaka. Ya ɗiga na Iya a ƙarshe. Sai ya matsar da bakin fensirin gefen nata kaɗan, ya riƙe shi a sama bai taɓa takardar ba. Muna kallonsa. Can ya ajiye fensirin, ya juya wajen Yaya.

"Wurin nan da kuke binne Musulmi a garin nan, yana da nisa?"

Yaya ya ce kamar minti ashirin ne a mota. Baba ya gyaɗa kai ya ce babu nisa.

Takardar tana gidana a unguwar Levenshulme, cikin Manchester, yanzu. Ita kaɗai ce taswirar duniya da garinmu yake ciki, kuma babu kwamitin da zai karɓi zanen fensir na tsoho marar lafiya. A wurin aikina ko murfin kwata sai mun ba shi lamba, a wayata kuma ina iya ganin kan tsamiyarmu daga sama, baƙin ɗigo a cikin fili. Yanzu babu garin da zai iya ɓuya ko ya kashe wuta shekara guda, ganin kuma bai hana komai ba. Na yi ƙoƙarin jin haushin Kaka na kasa. Saboda kwana ukun nan ba a ɗauki saurayi ko ɗaya aikin hanya ba, Baba ya girma da uba a gida. Abin da ya sani ya yi, kuma ya yi shi da kyau fiye da yadda kowa ya zata. Abin da ke cina shi ne ni aka aika in gyara, na dawo da hujjar da ta gama da mu. Baffa ya turo saƙo shekaranjiya cewa an yi ruwan farko. Ban buɗe hotunan da ya haɗo da su ba. Na dai ɗauko takardar na shimfiɗa a kan tebur, na duba gabas da tsamiya, gefen ɗigon Iya yana nan fari yadda Baba ya bar shi.